Kofin da Ya Cinye Mini Alƙalami

Ranar Asabar na je bikin raba kyaututtuka a makarantar ɗan ƙanwata a Tudun Wada. Shi ya zo na ɗaya a gasar gajeren labari. Aka miƙa masa kofi da ƙamus, uwarsa ta rangaɗa guɗa. Muna cikin Keke Napep za mu gida na ce ya ba ni labarin in duba masa, don na ji wurare biyu sun yi rauni lokacin da ake karantawa. Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce, "Kawu, ai alƙalai sun riga sun duba." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin wannan maganar.

Ina ajin ƙarshe na sakandare na ci irin wannan gasar. Washegari malaminmu na Hausa, wani dattijo da jan biro ba ya barin aljihunsa, ya kira ni ofis. Ya bi shafi uku na labarin ya yi musu ja-ja-wur, ya ce in sake rubutawa in kawo, zai nuna wa wani abokinsa mai aikin ɗab'i. Na fito ina huci. A raina na ce hassada ce kawai. Ban koma ba. Takardar yabon kuwa har Sabon Gari na kai ta aka sa mata gilashi, na rataye a zaure.

To, shekarata 17 a lokacin. Shi ma malam bai iya lallashi ba, da ya fara da "ka yi ƙoƙari" wataƙila da na saurara. A shekarar kuma mahaifinmu ya kwanta ciwo, shago ya dawo kaina. Amma in na ce shago ne ya hana ni rubutu na yi ƙarya. Dare nawa na kashe a majalisa ina ba da labarin kofin nan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Zariya nake, kullum sai na wuce Kamfanin Gaskiya mai buga littattafai. Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina, ɗan shekara 22, ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya, ya kuma yi nasara. Bai rungume nasarar ya zauna ba. Ya zo garin nan ya duƙufa tare da East har aka samu Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shi ya yarda a duba masa aiki, ni kuwa na fi ƙarfin haka.

Na so in jero muku shawara goma, amma ku 'yan yanzu wa zai karanta? Da an yaba muku a Facebook sai ku sa "marubuci" a gaban suna. Ku nemi mai jan biro, ku kai masa da ƙafarku, ku yi shiru ya gama. Ba kowane gyara za ku karɓa ba, don ni har yau ina ganin malam ya yi kuskure a sakin layin farko. A'a, ku karɓa duka tukuna, gardama sai kun cika littafin rubutu biyar. Gasa kuma ku shiga duk wadda kuka ji, 'yan mata ga Hikayata ta BBC Hausa nan tun 2016. Kofin dai ku ba uwarku ta ajiye a ɗakinta.

Shafukan nan uku suna nan cikin akwatina, jan biron ya koɗe. Ranar Juma'a bayan masallaci zan kai wa yaron, in ya yarda ya ajiye wayar.