Daga Nima zuwa jar ƙasar Roland Garros

A Nima, unguwarmu a Akra, idan ka ce ƙwallo, ta ƙafa kowa yake nufi. Ni kuwa tanis ce ta kama zuciyata tun ina yaro, lokacin da nake tsinto wa manya ƙwallo a wani kulob da ke cikin Akra, ana ba ni na abinci. Yanzu ina da shago, ranar Asabar kuma ina koya wa yaran unguwa riƙon raket. Cikin manyan gasa huɗu na duniya, wato ta Ostireliya da ta Faransa da Wimbledon da ta Amurka, ta Faransa, wadda ake kira Roland Garros, na zaɓa in gani da idona a shekarar 2025, saboda ita kaɗai ake bugawa a kan jar ƙasa, kuma akwai jirgin da ke tashi daga Akra zuwa Paris kai tsaye.

Tikitin shiga fili na fara nema, tun kafin biza. A wannan shekarar ƙuri'a suka yi: ka rubuta sunanka a shafinsu na intanet a farkon shekara, idan ka fito su ba ka lokacin da za ka shiga ka saya. Allah ya ba ni sa'a. Da na ga kuɗin kujera a babban fili na Philippe-Chatrier, mai ɗaukar mutum wajen 15,000, na lissafa shi da sidi, kuɗinmu na Gana, sai na bar shi. Na sayi na makon share fage, wato wasannin neman gurbin shiga gasar, da na ƙananan filaye a ranar buɗe gasar. Har yau ina ganin babu shawarar da ta fi wannan a duk tafiyar.

Biza ce ta ci lokaci. Kuɗinta yuro 90 ne, sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000, da takardar masauki, da ta jirgi zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki na watannin baya. Abin da suke so su gani shi ne kana da abin da zai dawo da kai gida, don haka na haɗa da rajistar shagona da takardun haraji. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma duk ɗan Zangon da ke da niyya kada ya jira watan Mayu, lokacin da ake fara gasar. Kuɗin da na kwashe a adashi ma sai da na bar shi ya kwana biyu a banki, domin kuɗin da ya faɗo asusu jiya-jiya tambaya yake jawowa.

Da na je sallamar kawuna a Mamobi, lokacin maniyyata na ta shirin tashi, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuɗin nan ba gara ka tara na Makka ba?" Na ce, "Kawu, na Makka yana gefe, ban taɓa shi ba. Wannan karatun sana'ata zan je." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kuma ja mini kunne a kan salla. Maganarsa ta zauna mini.

Da dare muka tashi, bayan awa shida da wani abu muka sauka a filin jirgin Charles de Gaulle da safe, agogonsu na gaban namu da awa biyu. Jirgin ƙasa ya kai ni Gare du Nord, masaukina kuma yana kusa da Château Rouge, inda kasuwar 'yan Afirka take. Akwai mahauta Musulmi, akwai doya da kuɓewa da manja, don haka abinci bai ba ni wahala ba. Abin da ya rikita ni rana ce. A Akra wajen ƙarfe shida ake kiran magariba, rani da damina. A can sai tara da rabi ta wuce rana ba ta gama faɗuwa ba, isha ta kusa tsakar dare, asuba kuma ta zo da wuri. Juma'a na yi ta a babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926.

Layi na 10 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kai mutum Porte d'Auteuil, tashar da ke kusa da filin gasar, daga nan sai ka bi ayari da ƙafa. Da na tsaya a bakin ƙaramin fili na farko, launin ƙasar ya tuna mini da hanyoyin ƙauyukan Tamale bayan an ɗauke ruwa. Garin jan bulo ne aka barbaɗa siriri a kan farin dutse da aka daddale. Ana share shi, ana yayyafa masa ruwa, ana goge layuka. A talabijin ba ka jin ƙarar takalmi idan ɗan wasa ya sulale ya tari ƙwallo, ba ka ganin yadda take tashi har kafaɗa idan an murza ta. A nan kuwa tsakanina da 'yan wasa bai wuce taku kaɗan ba. Na ji numfashinsu, na ga safa ta rine ta koma ja, na ga alkalin wasa ya sauko daga kujerarsa ya duƙa yana nuna shatin ƙwallo da yatsa. Na fi zura wa ƙafafunsu ido a kan hannayensu, domin nan ne yaranmu suke da rauni.

A makon share fage sai mutum ya ci wasa uku kafin ya shiga gasar, kuma yawancinsu babu wanda ya san sunansu. Cikinsu na kalli Victoria Mboko, 'yar Kanada mai shekara 18 wadda iyayenta 'yan Kwango ne. Ta haye, ta kai zagaye na uku, a watan Agusta kuma ta lashe gasar Montreal. Ina kallonta ina tuna Yannick Noah, wanda zakaran tanis na Amurka Arthur Ashe ya gano yana yaro a Yaounde ta Kamaru, ya zo ya ɗauki kofin nan a 1983. Yaran da za su iya muna da su a Nima da Sabon Zango da Fadama. Fili da raket da mai tsaya musu ne babu.

Ranar Lahadi 25 ga Mayu aka karrama Rafael Nadal, mai kofi 14 a wannan wuri. Federer da Djokovic da Murray duk sun zo. Ina waje, amma tafi da kiran sunansa sun cika harabar, har hawaye suka zo mini.

Na dawo gida kafin Babbar Salla. Wasan ƙarshe, wanda Alcaraz ya doke Sinner bayan awa biyar da minti 29, a shagona muka kalla tare da yaran da nake koya wa. Asabar ɗin da ta biyo baya na ce kowa ya ajiye raket, muka ɗauki safiyar gaba ɗaya muna aikin ƙafa.