Abin da tura arabiyya ya yi wa bayana

Shekara shida na yi ina tura arabiyya a Harami, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi, kuma wallahi har yau in na tashi da asuba sai na dafa bango kafin ƙuguna ya miƙe.

Mutane gani suke ai turi ne kawai a kan marmara mai santsi. To ku lissafa, Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, ɗawafin ma ba a ƙasa kusa da Ka'aba muke yi ba, a bene ne inda zagayen ya fi faɗi, kuma a goman ƙarshe na azumi sai in ɗauki mutum biyar shida a dare ɗaya saboda lokacin ne riyal ke shigowa. Ni dogo ne, mariƙin keken kuma gajere, duk tafiyar a sunkuye nake yinta, ƙafa daga ni sai safa a kan dutse mai tauri, ga ɗan hawan nan na Safa in ka ɗauko mai jiki a gwiwa da ƙugu kake jinsa. Ruwa ba na sha sosai, barci awa uku a kan katifar da ta lotsa.

Babban kuskurena Brufen ne. Kullum sai na haɗiya ciki ba komai in koma aiki, zafin ya lafa amma ɓarnar na nan tana ci, har ranar da ciwon ya sauko ta cinya zuwa ɗan yatsan ƙafa, ƙafar tana min kamar ba tawa ba. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙashin baya ne ya turo yana danne jijiya, maganin kuma ya fara taɓa min ciki. Wata biyu ina zuwa gashin ƙashi, ba aiki.

Da na koma sai na canza, mutum uku na tsaya ko nawa za a ba ni, ina matsowa jikin keken in tura da ƙafa baya a miƙe, na sayi huffi mai laushi, tsakanin kowane mutum in zauna in sha zamzam.

Ɗan yayana ya fara bana, shekararsa ashirin da biyu, jiya na ga kwalin Brufen a aljihunsa. Na karɓe na ce Yaro zauna, yau ba ka fita sai ka ji yadda nawa ya soma.