Idan Rubutu Ya Ƙanƙance a Kan Allon 4K

Wanda ya haɗa sabon allon 4K, wato allo mai tsananin fitar da hoto dalla-dalla, da kwamfutarsa yana sa ran ganin komai raɗau, amma sau da yawa sai ya tarar haruffa sun ƙanƙance kamar tururuwa, har sai ya kusanto da fuskarsa kafin ya karanta sunan fayil. Allon ba shi da laifi a nan, lissafi ne kawai.

Duk abin da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗigogi da ake kira fiksal. Allo mai inci 24 wanda ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da kimanin ɗigo 92 a kowane inci, yayin da allon 4K mai inci 27, mai ɗigo 3840 da 2160, yake da kimanin 163. Tun da daɗewa Windows take ɗauka cewa kowane inci yana da ɗigo 96, kuma a kan wannan zato aka gina manhajoji da yawa. Saboda haka rubutun da aka tsara da tsayin ɗigo 16, wanda a tsohon allo ya ɗan haura milimita 4, a sabon allo sai ya koma milimita 2 da rabi.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su rage yawan ɗigogin, misali su mayar da allon zuwa 2560 da 1440. Rubutu kam zai girma, sai dai zai fito dishi-dishi, domin an tilasta wa allon ya shimfiɗa hoton da bai dace da ɗigoginsa ba, kuma an yi asarar abin da aka sayi allon dominsa. Hanyar da ta dace ita ce a bar allon a kan adadinsa na asali, a shiga saitunan allo a ƙara ma'aunin girma zuwa kashi 125, 150 ko 200 cikin 100. Ta haka harafin zai girma, kuma za a zana shi da ɗigogi masu yawa, gefensa ya fito sumul.

Kashi 200 ne ya fi tsabta, tunda kowane ɗigo na da yana zama ɗigo huɗu cif ba tare da ragowa ba. Wannan ce dabarar da Apple ya bi a 2012 da MacBook Pro mai allon Retina, inda ɗigo 2880 da 1800 suke nuna filin aiki na 1440 da 900. Amma a kan inci 27, a ganina kashi 200 ya yi yawa, domin filin aikin ya koma daidai da na allo mai ɗigo 1920 da 1080. Kashi 150 ya fi dacewa, yana ba da filin 2560 da 1440 ba tare da wahalar da ido ba.

Inda matsala take saura shi ne tsofaffin manhajoji waɗanda ba su san da wannan ma'auni ba. Windows takan ja su ta faɗaɗa kamar hoto, shi ya sa za ka ga taga ɗaya tar, ta kusa da ita kuma hazo-hazo. Ana iya gwada sauya yadda ake faɗaɗa kowace manhaja daga saitunanta na dacewa (Compatibility), ko da yake ba kullum ake yin nasara ba. Masu allo biyu mabambanta su ma suna shan fama. Windows ta fara ba kowane allo ma'auninsa ne daga Windows 8.1 a 2013, a Linux kuwa, sabon tsarin nuna hoto a allo mai suna Wayland ya fi tsohon tsarin X11 iya wannan aiki.

Idan kuwa rubutu ne kaɗai ya yi ƙanƙanta, sauran abubuwa suna daidai, Windows tana da saitin ƙara girman haruffa zalla, a burauza kuma danna Ctrl tare da alamar + ya wadatar.