Godiya ga mutanen unguwarmu bayan gobarar ranar Talata

Assalamu alaikum. Yau kwana 12 ke nan da wutar daji ta faɗo mana 'yar gonarmu da ke bayan Pitowa, kan hanyar Garwa zuwa Marwa. Sai yau hankalina ya kwanta har na iya zama in yi wannan godiya.

Bayan azahar ne, iskar hunturu na kaɗawa, ciyawa ta bushe ƙamas. Maigida yana hanyar Kuseri da mota, daga ni sai yara. Ina ba 'yan tsaki tsaki na ji ƙarar wuta tana cin kara ta gabas. Kafin in ɗauko bokiti ta kama dannin. Ihu ɗaya na yi, sai ga samari da ɗanyen reshen darbejiya, mata da tuluna a ka, har da 'yan makarantar allo. Da hannu suka riƙa fito da kaji daga akurki, wata baiwar Allah ta naɗe kaza mai kwanci da ƙwanta a zaninta. Yaya, har gobe ina ganin hannunki da ya ƙone. Allah ya ba ki lafiya.

Mun rasa kaji 9 da rumfar da muke renon dashe. Mangwaro da yazawa da zogale da muka yi wata uku muna shayarwa safe da yamma daga rijiya, ledojin suka narke a kansu. Kusan 60 ne suka tsira, waɗanda yara suka ja zuwa gindin rijiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amya. Guda 7 muke da su a kan kaɗanya da ɗorawa, na ciyawa da aka shafe da kashin shanu, kuma kaɗanya ta fara fure, muna sa ran ɗiban zuma kafin damina. Huɗu suka ƙone ƙurmus, ukun da suka rage ƙudan ya gudu saboda hayaƙi. Na zauna ina kuka, Baba mai zuma na tsallaken rafi ya zo ya ce, "'Yata, kada ki sauke su, ƙamshin kakin yana nan, za su dawo." Washegari ya kawo sababbin amya biyu, ya turara su, ya hau da kansa ya ɗaura, da shekarunsa. Ko sefa ɗaya bai karɓa ba.

Baba Jauro, mun gode da ka tara jama'a aka share ciyawar da ke kewaye da gidajen unguwar. Matan adashinmu kowace ta kawo kaza ɗaya, akurki ya fi da cika. Malamin dabbobi ya zo da maganin rigakafi na LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi da ke Bokle, ya yi wa tsofaffi da sababbi, domin sanyin nan ne lokacin da cutar kaji ke share gida. Wanda ya aiko da ledojin dashe daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi bai faɗi sunansa ba, Allah ya san shi.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare ku da irin wannan rana. Baba mai zuma, jiya da hantsi ƙudan ya shiga amyar da ke kan ɗorawa. Zumar farko taka ce, in Allah ya kai mu.