Gammo a kan garkuwar Bature

Aikin da na fara samu bayan na sauka Ingila shi ne kula da tsofaffi a gidajensu. Ka shiga, ka haɗa shayi, ka ba da magani, ka cike takarda, ka ruga ka kama bas zuwa gida na gaba. Sanyi da duhun da ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma sun fi aikin kansa cin rai, ga kaɗaici, don maƙwabci a nan sai ya shekara bai leƙo ka ba.

Cikin waɗanda nake zuwa wa akwai wani dattijo, tsohon hafsan soja, Baba nake ce masa. A bangon falonsa an rataye wata fata mai zanen garkuwa, hular ƙarfe a samanta, hatimai na lilo a ƙasa. Tambarinsa ne, nasa na kansa. Wata tsohuwar hukuma a Landan, College of Arms, wadda Sarki Richard na Uku ya kafa a 1484, ita ke bayarwa. Sai sun duba tarihin mutum, ya biya dubban fam, sannan a tsara masa zanen da babu mai irinsa, a shigar a littafi, 'ya'ya su gada.

Garkuwar ja ce, da takobi a tsaye, na shekarun da ya yi a kaki. Ni dai abin da ya tsayar da ni yana can sama: mashi biyu a gicciye, sun ratsa ta cikin gammo. Gammo sak, irin wanda ake naɗawa a ɗora tulu.

Na ce, "Baba, wannan fa daga ina?"

Ya ce don mahaifinsa ya sa. Alamar Runduna ta 82 ce ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙin Burma, kamar yadda ta 81 ke ɗauke da baƙin gizo-gizo. A dazukan Arakan mota ba ta shiga, da ka aka ɗauki harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi. Mahaifinsa har ya rasu yana cewa ba don masu dakon nan ba da bai dawo ba. Da Hausa ma yake ba su umarni, shi ya sa Baba ke tarbata da "sannu da aiki".

Kakana yana cikinsu. Daga Zariya aka ɗebe shi, ya dawo da tabo a ƙafa da labarin Myohaung, garin da suka shiga a Janairun 1945. Mu a gida Myohaung sunan barikin soja kawai muka sani a Legas. Ya ƙare rayuwarsa yana gadi, jikoki muna jin labarinsa kamar tatsuniya. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi: ɗan hafsa ya adana wahalar kakana a bango, mu da muka fito daga tsatsonsa ko lambarsa ba mu riƙe ba.

Tun daga ranar zamana a garin ya sauya. Baba ya haɗa ni da 'yarsa, ita ta nuna mini yadda ake neman bayanan tsoffin sojoji, kuma a Nuwamba na tura kekensa zuwa taron tunawa da mazan jiya, kowa da jan fure a ƙirji. Masu ajiye bayanan sojojin suka ce lambar soja zan fara kawowa. Na buga wa Kawu waya, ya ce littafin sallamar Kaka na nan cikin adaka, zai ɗauki hotonsa ya turo ta WhatsApp.