Wurin da kwamfuta take daina tunani

Daren Alhamis, a saman soron gidanmu na Jidda, na kasa cin wasan shaɗaranjin (wato chess) da kowane littafi ya ce nawa ne. A cikin 'ya'yan wasan, ina riƙe da sarki da waziri, manhajar da ke wayar ɗan ƙanwata kuma ba ta da komai sai sarki da ƙal'a ɗaya, amma na yi ta kora tana zillewa har taku hamsin da doka ta ƙayyade ya cika, wasa ya tashi kunnen doki. Yaron ya karɓi wayarsa yana dariya, ya ce: "Kawu, ai tun ɗazu ta daina tunani, dubawa kawai take yi."

Gaskiya ya faɗa. A tsakiyar wasa manhaja hasashe take yi, tana bin taku bayan taku tana auna wanda ya fi. Amma idan 'ya'yan da ke kan allo suka ragu zuwa bakwai ko ƙasa da haka, har da sarakunan biyu, akwai rumbun bayanan da aka riga aka zuba amsar kowane zama, wato yadda 'ya'yan suke jere a allo, a ciki: ci ne, faɗuwa ce, ko kunnen doki. Daga ƙarshe ake fara gina rumbun nan, wato a tattara duk zaman da sarki ya riga ya mutu, a koma baya da taku ɗaya a ware waɗanda dole su kai can, a sake komawa baya, har a ƙare lissafin baki ɗaya.

Abin da ya rage mini zafi shi ne ba ni kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 1978 gwani Walter Browne na Amurka ya kara da rumbun masanin kwamfuta Ken Thompson a irin wannan zaman nawa na waziri da ƙal'a, ya kasa a karon farko, sai da ya koma ya yi nazari sannan ya ci a karo na biyu, shi ma da ƙyar. Lissafin Thompson ɗin ne kuma ya nuna cewa giwa biyu sukan ci doki ɗaya, alhali an fi shekara ɗari ana ɗaukar hakan kunnen doki.

A 2012 aka kammala rumbun 'ya'ya bakwai a Jami'ar Mosko, mai girman terabait 140, inda aka samu zaman da sai an yi taku fiye da 500 kafin a kashe sarki. A gasa wannan cin ba shi da amfani, domin doka ta ce in an yi taku hamsin ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba, ɗan wasa yana iya neman a tashi kunnen doki. Shi ya sa na fi ganin hikimar wani rumbun mai suna Syzygy, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, domin shi yana ƙirga tazarar da ta rage kafin a ci ɗa ko a motsa soja, ya kuma ware cin da dokar za ta lalata. Na 'ya'ya biyar bai kai gigabait ɗaya ba, kuma manhajoji irin su Stockfish sukan leƙa shi tun wasa yana tsakiya.

Inda nake da ƙorafi shi ne rumbun ba malami ba ne. Washegari na bi takun da ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya, na ga waziri ya ja da baya zuwa wani lungu ba tare da dalilin da ido zai gani ba, kuma da na tambayi yaron, sai ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini lambar da ke gefen allo, ta ragu da ɗaya.