Abin da kik mai juyawa baya ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin akwatin kayan aikina, in bar garejin da na yi shekara 9 a cikinsa. Abokan aiki sun ce in rubuta wa yaran da ke tasowa wani abu. Da na zauna rubutun, aiki ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ne na wata tsohuwar taraktar yankan ciyawa ƙirar Cub Cadet mai injin Kohler.

Ku da kuka taɓa irinta kun san ba ta da kik (na'urar tada inji) daban da janareta daban. Na'ura ɗaya ce ta Delco-Remy, bel ya haɗa ta da inji. In ka murɗa makulli ta ja wuta daga batir ta juya injin, in injin ya tashi kuma shi ya riƙa juya ta, ta koma yi wa batir caji. Kamfanin International Harvester ya fara fito da Cub Cadet a 1961 da wannan tsari, taraktocin John Deere 110 ta 1963 da wasu Wheel Horse na wancan zamani su ma haka suke.

Mai taraktar ya kawo ta don kik ya yi sanyi. Na ce wa maigida a buɗe a duba kabon da boris. Ya ce ba shi da lokacin ɓatawa a kan tsohon ƙarfe, in yi odar sabo mafi arha, tsohon kuma a jefa cikin kayan gwangwan. Na bi umarni. Na duba wuta, bolt 12 ce. Na auna kunnuwan ɗauri, sun yi daidai. Abu ɗaya ne ban duba ba, kuma wannan laifina ne: ɓangaren da na'urar take juyawa.

Waɗannan na'urori iri biyu ne, wata tana bin hannun agogo, wata tana saɓa masa, a ido kuwa ba ka bambanta su. Na ɗaura, na ja bel, na murɗa makulli. Inji ya juya da ƙarfi kamar sabo, amma ya ƙi tashi. Kwana biyu ina fama. Na wanke kafireto sau biyu, na canza filogi, na gyara tazarar kwantak. Sai a yammacin rana ta biyu na ɗora tafin hannu a bakin kafireto, na ji iska tana busowa waje maimakon ta zuƙa ciki. Nan jikina ya mutu. Injin baya yake juyawa, yana shaƙa ta salansa yana fitarwa ta kafireto.

Na ruga wajen tarin gwangwan, an riga an kwashe. Washegari a gaban mai tarakta maigida ya ce, "Ka yi haƙuri, yaron nan ne ya yi mana ɓarna." Ni da na haifi 'ya'ya uku. Na ce, "Maigida, ai na ce a buɗe tsohon." Ko kallona bai yi ba. Aka cire kuɗin sabon daga albashina. Kuskuren juyi na ɗauke shi, ban taɓa musu ba. Amma tsohon da aka zubar, har yau ina da yaƙinin kabon biyu kawai yake so, kuma ba ni na ce a zubar ba. Shekara 6 ke nan bai taɓa tada maganar ba.

Tun daga ranar ba na kwance tsoho sai na sa alli na zana kibiya a jikin fuli, na kwafe lambar da ke jikin farantinsa. Kuma ba na barin tsoho ya fita daga gareji kafin sabo ya tada inji ya nuna caji.

Sauran gajeru ne. In batir ba ya caji, kada ku yi saurin ɗora wa na'urar laifi. Ƙafa biyu ne a jikinta, A da F. Inji na aiki, ku haɗa F da jikin inji da waya na daƙiƙa kaɗan: in mitar caji ta hau, na'urar lafiya take, kat'awut, wato mai daidaita caji, ne ya mutu ko bai kama jiki da kyau ba. Caji mai kyau yana kusa da bolt 14. Bel mai sanɓi yana kwaikwayon mutuwar kik, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma yana cin boris. Wutar da take bayarwa ba ta wuce amfiya 15 ko kusa da haka, don haka kada a jibga mata fitilu.

Na gyara irin wannan na'ura fiye da yadda zan iya ƙirgawa bayan wancan, ba wadda ta dawo. Masu tsofaffin taraktoci in sun shigo sunana suke kira, kuma maigida yana ji. Allin yana nan a aljihun akwatin na sama, na bar wa wanda zai gaji bencina.